Ƙungiyar da ake ɗauke mata gwaninta da zarar ya fara haskawa

Akwai wani irin son ƙungiya da sai wanda ya shiga harkar ƙananan lig-lig na besbol a Amurka zai gane shi. Kana goyon bayan ƙungiya, wani yaro ya taso a cikinta yana ta zuba abin mamaki, sati uku a jere yana maka ƙwallo tana tsallake katanga, mutanen gari sun fara haddace sunansa har an fara neman riga mai lambarsa, sai ran Talata ka duba jerin 'yan wasa ka ga babu shi. Ba ciwo ya ji ba, ba kuma laifi ya yi ba. An ɗaga shi zuwa mataki na gaba ne kawai, kuma wai kai ɗan kallo murna ake so ka yi. To murnar kuwa muke yi wallahi, abin da ke ɗaure wa mutane kai kenan.

Bari na ɗan warware wa wanda bai san tsarin ba. Babban lig ɗin, wato MLB, ƙungiyoyi 30 ne. Kowacce tana da ƙananan ƙungiyoyi huɗu a ƙarƙashinta, daga sama Triple-A, sai Double-A, sai High-A, sai Single-A, jimla 120 kenan, ban da sababbin shiga da ke buga nasu a sansanonin Arizona da Florida da kuma yaran da ke makarantun horo na Jamhuriyar Dominika, inda ake sa hannu da yaro tun yana shekara 16. Babu maganar ƙungiya ta hau ko ta faɗo kamar yadda aka saba a ƙwallon ƙafa. Durham Bulls ko ta ɗau kofi shekara goma a jere tana nan a Triple-A ɗinta. Mutane ne ke hawa da sauka. Uwar ƙungiya ce ke biyan albashin 'yan wasa, ita ke turo koci, ita ke cewa wane zai buga wane zai zauna. Mai ƙungiyar a can garin nasa kawai ya sayar da tikiti da abinci ya gyara fili.

Shi yasa zaka ga abin da zai sa ka kama baki. Mai jifa yana ta fitar da masu bugu ɗaya bayan ɗaya, zagaye biyar babu wanda ya taɓa masa ƙwallo, wasa ya yi zafi, kawai sai koci ya taso ya karɓe ƙwallon daga hannunsa. Me ya faru? Ai tun daga ofis aka ƙayyade yawan jifan da zai yi yau, ya cika, shikenan. Kafaɗarsa da gwiwar hannunsa sun fi wasan yau daraja a wajensu, kuma gaskiya ba zan ce sun yi laifi ba, don yawan masu jifan da ke ƙarewa a tiyatar gwiwar hannun nan da ake kira Tommy John ba kaɗan bane, kuma in aka yi maka ita sai ka shafe shekara ko fiye baka jefa ƙwallo a wasa ba. Amma dai ranar kam haushi za ka ji, musamman in wanda aka sako ya zo ya ɓarar da wasan.

Masu bin wannan harka kusan kala biyu ne. Akwai mutanen gari, waɗanda su dai yamma ta yi su kwashi iyali su tafi fili, tikiti da sauƙi, ana wasan wuta bayan an tashi, ga wani sanye da kayan dabba yana ta tsalle-tsalle yara na binsa. Da yawansu in ka tare su a bakin ƙofa ka tambaye su nawa da nawa aka tashi sai sun ɗan yi tunani. Kar ka raina su fa, su ke riƙe da harkar. Dayton Dragons a jihar Ohio tun da suka fara a 2000 tikitinsu ke ƙarewa wasa bayan wasa, a 2011 suka zarce tarihin da Portland Trail Blazers ta ƙwallon kwando ta kafa na wasa 814 a jere. Ƙaramar ƙungiya ce fa, wadda ba ta da ikon riƙe ko ɗan wasa ɗaya. Sunayen ƙungiyoyin ma don waɗannan mutanen ake raɗa su, Rocket City Trash Pandas, Montgomery Biscuits, Hartford Yard Goats, a dai yi dariya a sayi hula.

Sai kuma mu, 'yan bin yara. Mu ba mu cika damuwa da wa ya ci wa ya sha kashi ba, da safe kafin komai sai mun buɗe waya mun duba me yaron nan na Double-A ya yi jiya, sau nawa ya tsaya bugu, sau nawa aka kore shi da jifa uku (wato ya kasa bugun jifa uku aka fitar da shi), gudun jifan wancan ya kai mil nawa. Tun 1990 mujallar Baseball America ke fitar da jerin yara 100 mafi alamar zama wani abu, yanzu ga MLB Pipeline ga FanGraphs ga Baseball Prospectus kowa da nasa jerin, duk ranar da aka saki sabo kuwa sai intanet ta ɗau zafi, wannan na cewa an zalunci yaronsu wancan na cewa an tura na wasu sama saboda suna. Masu farautar 'yan wasa suna ba kowace baiwa maki daga 20 zuwa 80, 50 shi ne matsakaicin ɗan babban lig, kuma abu biyar ake aunawa a wajen mai bugu: iya samun ƙwallo da gora, ƙarfin duka, gudu, tsaron fili da ƙarfin hannu wajen jifa. In ka ji an ce gudun yaro 80 ne to ka san iska ce ba mutum ba.

Abin da nake yawan faɗa wa sababbin shiga shi ne alkaluman nan suna yaudara sosai in baka san inda za ka kalla ba. Farko dai shekaru. Ɗan shekara 19 da ke fama yana ɗan taɓukawa a Double-A ya fi ɗan shekara 25 da ke ragargazar yara a Single-A nesa ba kusa ba. Sannan fili. Albuquerque na kan tudu sama da mita 1,500, iskar wajen ba ta da nauyi, ƙwallo tashi kawai take, haka Reno da Las Vegas da Salt Lake, sai ka ga wani ya tara hom-ron, wato bugun da ƙwallo ke tsallake katanga, a can ana ta kururuta shi, a kai shi babban lig ya zama kamar ba shi ba. Ni abin da na fi duba shi ne sau nawa ake korar sa da jifa uku, sau nawa kuma yake haƙuri ya ƙi kai wa mummunar jifa duka har a ba shi tafiya kyauta zuwa bes na farko (bes su ne wuraren tsayawa da mai bugu ke zagayawa a guje). Wannan ba ya cika ƙarya. Kuma Double-A nan ne ake tankaɗe da rairaya, don a nan masu jifa suka fara iya lanƙwasa ƙwallo su ajiye ta inda suke so. Michael Jordan, gwarzon ƙwallon kwando, da kansa ya ɗanɗana a 1994 da Birmingham Barons, ya gama kaka da .202, wato kusan sau biyu cikin goma yake samun bugu mai kyau, hom-ron uku. Mutane na yi masa dariya, ni kuwa gani nake mutumin da ya rabu da gora tun sakandare ya faɗo Double-A yana ɗan shekara 31 ya yi hakan, ai ya yi ƙoƙari.

Ko wanda kowa ya yarda da shi ma sai ya sha wuya. Jackson Holliday shi Baltimore Orioles ta ɗauka na ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2022, a 2023 kaɗai ya haye matakai huɗu na ƙananan ƙungiyoyinta, daga Delmarva zuwa Aberdeen zuwa Bowie har Norfolk, duk jerin da ka buɗe shi ne a sama. Aka kira shi babban lig a Afrilun 2024 yana shekara 20, ya tsaya bugu sau 34 ya samu biyu kacal, an kore shi da jifa uku sau 18, aka mai da shi Norfolk. Kai ka ga surutu a lokacin, wai dama kurin banza ne, wai sunan babansa Matt Holliday ke ɗauke da shi. Ƙarshen Yuli aka dawo da shi, a wasan farko ya maka hom-ron mutum uku na kan bes, duk sai aka yi tsit. Shi kuwa Paul Skenes ko zama bai yi ba, an ɗauke shi na ɗaya a 2023, mutanen Indianapolis, inda Triple-A ɗin ƙungiyarsa take, sun gan shi 'yan makonni kawai, Mayun 2024 yana babban lig da Pittsburgh Pirates, ƙarshen shekara ya lashe kyautar gwarzon sabon ɗan wasa. Irinsa ne ke ɓata mana tunani mu ɗauka kowa haka zai yi.

Alhali ga Brien Taylor, na ɗaya a 1991, Yankees ta ba shi dala miliyan 1.55 wanda a lokacin ba a taɓa ba wani sabon ɗauka ba, a Disambar 1993 ya lalata kafaɗarsa a wata rigima, har ya bar wasa bai taɓa taka babban lig ba. Mark Appel na ɗaya a 2013, abu ya ƙi, ya ajiye wasan gaba ɗaya a 2018, ya dawo daga baya, sai 2022 ya samu ya yi jifarsa ta farko da Phillies yana shekara 30. Ta ɗaya ɓangaren kuma Albert Pujols sai da aka ɗau mutum 401 kafin a kira sunansa a 1999, ya ƙare da hom-ron 703. Mike Piazza a zagaye na 62 aka ɗauke shi a 1988, shi ma alfarma ce don Tommy Lasorda, kocin Dodgers ɗin da ta ɗauke shi, abokin babansa ne, yau ga shi a zauren gwarazan besbol da ke garin Cooperstown. Abin da ke ci min rai shi ne yanzu zaɓen zagaye 20 ne kawai, kuma a gyaran 2021 an rage ƙananan ƙungiyoyi daga 160 zuwa 120, garuruwa da dama suka wayi gari an yanke alaƙarsu da babban lig. Da a yau ne Piazza ya taso, wa zai ma kira sunansa?

Wani abu kuma da mu 'yan bin jeri muke mantawa, mafi yawan waɗanda ke cikin filin ba sa cikin jerin kowa. An ajiye su ne don yaran da aka kashe wa kuɗi su samu abokan wasa, kuma su ma sun sani. Shekara da shekaru suna cunkushe mutum biyar shida a ɗaki, doguwar tafiya a bas, albashi sai lokacin kaka kawai, in ta ƙare kowa ya nemi aikin da zai riƙe kansa. Sai a 2022 aka tilasta wa ƙungiyoyi ba su masauki, a shekarar kuma suka shiga ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa, yarjejeniyar 2023 ta ɗaga mafi ƙarancin albashin Single-A daga dala 11,000 zuwa 26,200 a shekara, na Triple-A daga 17,500 zuwa 35,800. A wannan shekarar mafi ƙarancin na babban lig dala 720,000 ne. Ka ga tazarar da ke tsakanin mataki ɗaya tal. Su kuma ake gwajin dokoki a kansu, agogon da ke ƙirga wa mai jifa daƙiƙoƙi da manyan bes ɗin nan duk sai da aka gwada a ƙasa kafin a kai sama a 2023.

Ni cikin waɗannan nake samun waɗanda na fi so. Mike Hessman ya ɗan leƙa babban lig ya dawo, ya ci gaba da bugawa har ya kafa tarihin hom-ron 433 a ƙananan lig a 2015 da rigar Toledo Mud Hens, tarihin da in ka duba da kyau babu yaron da ke mafarkin kafa shi. Drew Maggi kaka 13 ya yi yana yawo, wasa sama da 1,100, sai Afrilun 2023 ya tsaya bugu karon farko da Pirates yana shekara 33, filin gaba ɗaya ya miƙe yana kiran sunansa. Sai namu Gift Ngoepe ɗan Afirka ta Kudu, wanda ya tashi a wani ɗan ɗaki a jikin filin wasa na Randburg inda mahaifiyarsa ke aiki, Pirates ta ɗauke shi a 2008, ya yi ta gwagwarmaya a ƙasa har 26 ga Afrilun 2017 ya zama na farko haifaffen nahiyar Afirka da ya buga babban lig, tsayuwarsa ta farko kuma ya samu bugu a hannun Jon Lester. Bai daɗe a sama ba, amma wanda ya bi shi tun yana Altoona, Double-A ɗin Pirates, ya san abin da wannan bugu ɗaya ya ci.

Lokacin da ya fi tayar mana da hankali dai ƙarshen Yuli ne, kafin a rufe kasuwar musaya. Ƙungiyar da ke hangen kofi a bana sai ta kwashi yaran da ka shekara uku kana reno a zuciyarka ta ba wata ƙungiya don ta karɓi wani tsohon hannu na wata biyu. Wani sa'in dabara ce mai kyau, don yawancin yaran ba sa zama komai, na yarda. Amma Boston ta ba da Jeff Bagwell yana Double-A a 1990 don ta samu Larry Andersen, wanda bai ko shekara ba ya tafi, Bagwell kuwa ya yi rayuwarsa kaf a Houston ya wuce Cooperstown. A 2016 Dodgers ta tura wa Houston ɗin dai Yordan Alvarez tun bai buga mata wasa ko ɗaya ba. A shekarar ce kuma White Sox ta haɗa da wani ɗan shekara 17 a cinikin James Shields, yaron da shi ma ko wasa ɗaya bai buga mata ba, sunansa Fernando Tatis Jr., wanda daga baya ya zama babban tauraro. In kana da aboki mai son White Sox kuma kana son zumuncinku ya ɗore, kar ka tayar masa da zancen nan.