Brian Bevan, ɗan gefen da Leeds ta ƙi

Yau aiki ya kai ni Warrington da ke Ingila, na bi ta filin wasan zari-ruga na garin, sai ga mutum-mutumin Brian Bevan. Wani dattijo ya gan ni tsaye, ya buɗe wayarsa ya nuna min tsohon hoton Bevan. Wallahi sai da dariya ta kusa kuɓuce min. Siriri, ga sanƙo, gwiwoyi a ɗaure da bandeji, kamar wanda aka sallamo daga asibiti. Wai wannan ne ya ajiye ƙwallo a bayan layi sau 796, abin da har yau ba wanda ya kamo a zari-ruga mai 'yan wasa 13. Guda 740 daga ciki Warrington ya ci wa, cikin wasa 620.

Ɗan Sidni ne, an haife shi a 1924. Yaƙin Duniya na Biyu ya ci masa ƙuruciya a rundunar sojan ruwan Ostireliya, kuma jirgin yaƙi ne ma ya kawo shi Ingila. Ya je Leeds neman gwaji, suka dubi jikin nan nasa suka ce a'a. Ƙungiyar Hunslet ma haka. Warrington ta ɗauka, ya zauna har 1962, kana ya ƙarasa a Blackpool. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, duk wannan bajinta, bai taɓa buga wa Ostireliya wasa ko ɗaya ba.