Hondar Baba da injin roba-roba

Shekara kusan goma sha biyu Hondar Baba na jingine a zaure, mashin ce samfurin C70, irin wadda tankinta ke ƙarƙashin kujera, tun rasuwarsa ba wanda ya taɓa ta sai kaji da suka maida ita wurin kwana. Sau uku 'yan gwangwan na zuwa tayi, Umma tana korarsu. Ni kuma kullum sai in ce wata rana zan tada ta, wata ranar nan dai ba ta zo ba sai bana da ƙanina ya faɗi da roba-robarsa, Allah ya kiyaye shi bai ji komai ba sai ƙujewa, amma gaban mashin ɗin ya lanƙwashe gaba ɗaya, inji kuwa lafiya lau.

Toh dama na sha jin makanikai na cewa injin roba-roban nan na Caina kwafin injin Honda Cub ne, wadda aka fara ƙerawa a Japan tun 1958, kuma zuwa 2017 an ƙera miliyan 100 ɗinta. Ban yarda sosai ba sai da na gani da idona. Dogayen noti biyu ne ke riƙe da injin a jikin shasi, muka kwance na Baba muka ɗaga na roba-roba muka saka, ramukan suka hau daidai kamar dama can tare aka yi su. Makaniken unguwarmu har dariya ya yi min, wai "ai ka gama, gobe ka hau". Ina! Sati biyar muka ƙara.

Na farko sarƙa, haƙoran da ke gaban sabon injin sun fi kauri, sarƙar Baba ta ƙi zama, dole muka ciro haƙoran baya da sarƙar duka daga roba-roba. Salansa ma sai da mai walda ya ƙara mata ɗan ƙarfe. Tanki kuwa tsatsa ta cinye cikinsa, na zuba kananzir da ƙananan noti cikin hannu guda na yi ta girgizawa kwana biyu har kafaɗa ta riƙe, abin da ya fito kamar ruwan kwata.

Amma wallahi abin da ya kusa sa in haƙura waya ce. Tsohuwar Honda wutarta volt 6 ce, ta roba-roba volt 12 ce da CDI (ɗan akwatin da ke ba filogi wuta), ni kuma da gaggawa na haɗa na buga kik, ta tashi kuwa, murna ba ta kai minti ɗaya ba ƙwan fitilar gaba ya yi wani haske fau ya mutu, na baya ma haka. Ga launin wayoyin bai zo ɗaya ba, ga ɓera ya ci rabinsu. Ƙarshe dai muka zare wayoyin Baba kaf muka dasa na roba-roba, da batir da hon da komai, sauran 'yan tarkace irin robar ƙafa da kebul ɗin birki na samo su a Panteka nan Kaduna bayan na sha yawo da ciniki. Fenti ban taɓa ba, shuɗin nan da ya koɗe na bar shi, har da lotsawar da ke gefen madigadi.

Yanzu giya huɗu take maimakon uku, ja kuwa ba a magana, sai dai birkin na zamanin da ne don haka ba na sake mata wuta. Saura in je a gyara takardu tunda lambar inji ta canza.

Ranar da na shigo da ita gida a kunne Umma ta fito daga kicin, ta tsaya ta saurara, can ta ce "jikin dai nasa ne, amma wannan ba kukan mashin ɗin Malam ba ne". Na ce Umma ai tsohon injin na nan ban sayar ba. Yana cikin buhu a ƙarƙashin gadona, fistin da ringi nake nema masa, duk wanda na tambaya sai ya ce in dawo wani sati.