Takalmin da ke jure yashin Maraɗi

Wanda ke yini a tsaye ko a tafe, malamin makaranta ne ko mai kai-komo tsakanin babbar kasuwa da tasha, abu biyu yake nema a wurin takalmi: kada ya ci masa ƙafa, kada kuma ya mutu kafin shekara ta zagayo. A garin nan samun biyun tare ba ƙaramin aiki ba ne. Lokacin bazara zafi kan haura digiri 40, yashi ya yi zafin da zai sassauta gam. Damina ta zo ta jiƙa fata, hunturu ya biyo baya ya busar da ita har ta tsage. Ga tsidau da ƙarangiya da zarar an bar kwalta. A kan haka kuma sau biyar a rana ana alwala a zura ɗanyar ƙafa ciki. Takalmin da aka ƙera don ƙasar sanyi bai san da wannan ba.

Irin da muka fi ɗinkawa a shagonmu, wanda kuma masu saye suka fi dawowa nema, shi ne buɗaɗɗen takalmin fata mai shimfiɗa uku, mai hanci ko mai maɗauri biyu a gicciye. Muna yin sau-ciki ma, amma ga mai yawan tafiya a ƙasar nan buɗaɗɗen ya fi: ƙafa na shan iska, yashin da ya shiga yana fita da kansa.

Daga fata ake farawa. Jar akuya ta Maraɗi ba a banza ta yi suna ba. Fatarta matsattsiya ce, ramukan gashinta ƙanana, ga laushi ga wuyar yagewa, shi ya sa tun da daɗewa ake fitar da ita Turai ana yin safar hannu da bangon littattafai. Sai dai kaurinta bai cika wuce milimita 1 ba, don haka ba ita ke ɗaukar nauyin mutum ba. Mu muna sa ta inda take taɓa jiki: cikin maɗauri, da hanci, da saman shimfiɗar da tafin ƙafa ke kwanciya. Ƙarfin maɗauri kuwa daga kirgin saniya yake zuwa, mai kaurin kamar milimita 2, wanda aka yanko daga gadon baya. Fatar ciki da ta hammata sakwaf take, tana miƙewa. Wanda ya yanka maɗauri daga nan, bayan mako uku takalmin zai fara lilo a ƙafa, mai shi ya riƙa danƙe shi da ƴan yatsu ba tare da ya sani ba, da yamma ya ce ƙwaurinsa na ciwo. Haka kuma ana yanka maɗauri ne bisa tsawon dabba, daga wuya zuwa wutsiya, domin ta wannan fuskar fata ba ta cika ja ba.

Jimar bagaruwa muke so, amma wadda ta nuna. Gane ta ba wuya: a ɗan yanki gefen fatar a duba bakin yankan. In launi ɗaya ne daga sama har ƙasa, bagaruwa ta ratsa. In akwai farin layi a tsakiya, an yi gaggawar tsamo ta daga ruwan jima, kuma ranar da ta sha ruwan sama za ta yi wari, ta bushe ta zama kamar ƙaho. Sannan a ninka ta huɗu a matse. Fatar da aka shanya a ƙasa cikin tsakar rana, ko wadda ta daɗe cikin ruwan toka, nan take fuskarta za ta nuna tsaga. A ɗaga ta ga haske kuma a nemi sawun wuƙar fiɗa. Bayan Babbar Sallah fata kan cika gari, amma da yawa hannun da bai saba ba ne ya feɗe ta, sai ka ga goma ka zaɓi uku. Majemin kirki ya san wannan, ba ya jin haushi in an tsaya dubawa. Wanda ya fara cewa "Maigida, ai duk ɗaya ce, ɗauki kawai," to a ƙara dubawa.

Shimfiɗa ta farko, wadda ƙafa ke takawa, kirgi ne mai kaurin milimita 3 zuwa 4, a lulluɓe da fatar akuya. Amfaninsa shi ne yana shan gumi, kuma cikin ƴan makonni yana ɗaukar siffar ƙafar mai shi, har ka ga gurbin dunduniya da na babban yatsa. Ta biyu soso ne mai ɗan tauri, kamar milimita 5. Mutane na son su danna da yatsa su ji ya lotsa, su ce wannan ne mai daɗi. Soso mai laushi sosai kwanciya yake yi kafin wata biyu, ya bar ƙafa tana dukan ƙasa. Ta uku, wadda ke cin ƙasa, roba ce ko taya. In taya ce, sai wadda zare ke cikinta. Mai waya a ciki tana cinye wuƙa, kuma in ta siɗe wayar kan ɓullo ta soki ƙafa. A ƙarƙashin dunduniya muna ƙara tsayin santimita 1 da rabi zuwa 2. Takalmi shafal kamar faifai yana jan jijiyar bayan ƙafa, wanda ya wuce haka kuma yana tura nauyi kan ƴan yatsu.

Gam kuwa, ko kol kamar yadda wasu ke ce masa, shi ne inda aka fi cutar mu. Yawancinsa da fallayen roba ta Kano suke zuwa, su biyo Katsina da Jibiya su shigo ta Ɗan Isa, kuma kafin gwangwani ya iso hannun baduku wani lokaci an buɗe shi an tsinka da fetur don ya yi auki. A ido ba a ganewa, sai a aiki: gam na ƙwarai yana jan zare in an ɗaga buroshi, tsinkakke kuwa zuba yake kamar kunu. Yadda ake sa shi ma yana da ƙa'ida. A goge fuskokin biyu da samfefa har su yi kaushi, a kaɗe ƙurar, a shafa siriri a kowane gefe, a bar shi minti 10 zuwa 15 har in an taɓa ba ya bin yatsa. Sannan a haɗa, a bi da guduma daga tsakiya zuwa baki, a ajiye ya kwana. Wanda ya haɗa gam yana ɗanye, iskar da ke ciki ba ta da hanyar fita, takalmin zai buɗe baki tun kafin a gama yi masa kallon sabo.

Duk da haka gam riƙon wucin gadi ne. Abin da ke riƙe takalmi shi ne ɗinki. Kafin a ɗinka sai an tsaga ƴar kwari a ƙasan robar, zurfin kamar milimita 2, zagaye da baki, domin zare ya kwanta ciki ƙasa ba ta taɓa shi. Zaren nailan ne, a murza shi da kakin zuma don kada ruwa ya bi ramin ya shiga. Tazarar ɗinki kamar rabin santimita. In ya fi haka matsuwa, ramukan kan haɗe fata ta yage kamar takardar rasit, in ya fi haka faɗi yashi na samun ƙofa. Tsofaffin dukawa ba sa barin yaro ya taɓa takalmin mutane sai ya daɗe yana murza zare da fiƙe bakin ƙyallayen fata, har hannunsa ya san nauyin wuƙa. Yaran yanzu wata uku suke so su buɗe nasu shagon, Allah ya kyauta. Ƙusa kuwa ba ma sa ta ko ɗaya: tana tsatsa da ruwan alwala, ta ci fatar da ke kewaye da ita, ƙarshe ta leƙo ƙarƙashin dunduniya.

Hanci shi ne wurin da takalmi ya fi tsinkewa, kuma shi ne ya fi cin ƙafa. Muna naɗe fatar akuya a kan igiya mai ƙarfi, bakin ɗinkin ya kalli gaba don kada ya goga tsakanin yatsu. Ƙarshensa, da ƙarshen kowane maɗauri, yana ratsa shimfiɗar sama ya kwanta a ƙarƙashi da tsawon santimita 3, a fiƙe shi ya yi siriri yadda ba za a ji tudu ba, a manne, a ɗinke. Masu kwaikwayo santimita 1 suke bari, su dogara ga gam.

Su masu kwaikwayon nan sun iya fuska. Za ka ga takalmi yana ƙyalli a kan tebur, an buga masa tambari, amma maɗaurin leda ce aka shafa a kan yadi, shimfiɗar kuma kwali ne aka rufe. A duba bakin yanka: fata tana da ƴan gashi-gashi a bayanta, leda tana nuna saƙar zare. A ɗiga ruwa: fatar bagaruwa tana sha ta yi duhu, leda tana tsayar da shi. Ciwon abin shi ne, da wannan ake zuwa yi mana ciniki. "Haba Malam, can na ga irinsa jika biyu." Sai mu ce, "Alhaji, juyo shi ka nuna mana zaren." Galibi zanen ɗinki ne aka zuba tare da robar, babu ramin allura ko ɗaya.

Awon ƙafa da yamma ya fi, domin ƙafa na ɗan kumbura bayan yini. A tsaye ake yi, nauyi a kan ƙafar, bisa takarda, a riƙe fensir a miƙe a zagaye. Dukkan biyun ake zanawa, don da wuya su zo daidai, kuma da babbar ake aiki. A ɗiga alama tsakanin babban yatsa da na kusa da shi, nan hanci zai zauna, kuskuren milimita 3 ya isa ya tayar da bororo. Da zare kuma a auna zagayen ƙafa a wurin da ta fi faɗi da kuma kan doronta. Lamba kaɗai ba ta isa ba: tsakanin 42 da 43 bai kai milimita 7 ba, kuma ba ta faɗin komai game da faɗi, alhali wanda ya girma yana tafiya gona ba takalmi ƙafarsa a baje take. Ga buɗaɗɗe muna ƙara rabin santimita gaba da baya, ga sau-ciki santimita 1 zuwa 1 da rabi a gaban yatsu. Mai ciwon suga ya faɗa mana tun farko, a yi masa marar hanci, cikinsa sumul ba bakin ɗinki, saboda ƙaramar gogayya a wurinsa tana iya zama gyambo.

In takalmi ya jiƙe, kada a kai shi rana ko bakin murhu, a jingine shi a inuwa ya sha iska. Da hunturu a shafa masa man kaɗanya ɗan kaɗan sau ɗaya a wata, a goge ragowar da tsumma, in ya yi yawa ƙura ce za ta manne. Bayan alwala a ɗan tsane ƙafa kafin a saka. Masu sau-ciki kuma su daina take bayansa a ƙofar masallaci, domin in ya karye ba ya komawa. Wanda ke da hali ya yi ƙafa biyu yana musanyawa, kowanne ya samu yinin bushewa.

Dunduniya ce ke fara siɗewa, yawanci ta gefen waje. Da an ga siɗewar robar ta kusa kai ga zaren a kawo shi, a cire wancan yanki a sa sabo, aikin awa ɗaya ne. In aka bari har ƙasa ta ci zaren, sai an warware takalmin duka. Mutanen Tasawa, Dakwaro, Mayahi da Madarunfa da ba su samu zuwa ba, su aiko da takardar zanen ƙafa da zarurrukan awon biyu a hannun direba, a rubuta wanne ne na faɗi wanne ne na doro, kuma kada a ninke takardar ta kan zanen.