Naira dubu ɗaya da aikin Ernst Fehr

Yau Talata na shiga aji da takardun naira ɗari guda goma a aljihu, domin ina son ɗalibaina su ga abin da masanin tattalin arziki Ernst Fehr ya daɗe yana bincike a kansa kafin su karanta shi a takarda. Na kira biyu daga cikinsu, na damƙa wa ɗaya kuɗin, na ce ya yanke wa ɗan'uwansa abin da ya ga dama. Idan ɗan'uwan ya karɓa kowa ya tafi da rabonsa, idan kuwa ya ƙi, kuɗin su dawo aljihuna. Yaron ya zare ɗari biyu ya ajiye a kan tebur. Ɗayan ya dube su, ya tura masa su da yatsa, ya ce, "Malam, gara mu rasa duka, wannan raini ne."

Werner Güth da abokan aikinsa ne suka fara wannan gwaji a Jamus, suka wallafa shi a 1982. Bisa tsohon lissafin masana tattalin arziki, mai neman riba kaɗai zai karɓi ko da naira ɗaya ce, tunda ta fi babu. Fehr, wanda aka haifa a Ostiriya a 1956, yake kuma koyarwa a Jami'ar Zurich tun 1994, bai ɗauki wannan ƙin karɓa a matsayin wauta ba. A 1999 shi da Klaus Schmidt suka tsara lissafin da ke nuna cewa rabon da babu adalci yana damun mutum, musamman idan shi aka tauye.

Aikinsa da ya fi ratsa ni shi ne wanda ya yi da Simon Gächter, aka buga a mujallar Nature a 2002. An ba mutane kuɗi su zuba a asusun haɗin gwiwa wanda kowa zai ci gajiyarsa ko bai zuba ba, sai zubin ya riƙa raguwa saboda masu cin gumin wasu. Da aka ba su damar hukunta waɗannan, ko da yake hukuncin daga aljihunsu yake fita, kuma ba za su sake haɗuwa da wanda suka hukunta ba, sai suka yi, zubin kuma ya ƙaru.

Bayan an tashi, yaron da ya bayar da ɗari biyu ya same ni a bakin ƙofa, ya roƙi a sake gwajin ranar Alhamis. Na amince, amma wannan karon na asusun za mu yi.