Juma'a a ajin share fagen firamare

Yau Juma'a, ƙarshen mako na uku na zango na biyu. Na isa makaranta da ƙarfe bakwai da kwata domin in kakkaɓe ƙurar hunturu daga tabarmi kafin yara su fara shigowa. Su 38 ne a rajista, amma 34 suka zo, saboda mura da tari sun kwantar da sauran. Manufar ilimi ta ƙasa ta shekarar 2013, wadda ta shigar da shekara ɗaya ta share fagen firamare cikin ilimin tushe, ta tanadi malami ɗaya ga yara 25, amma ni kaɗai ce a ajina, sai wata dattijuwa da yara suke kira Iya, wadda take taya ni kai su bayi da wanke musu hannu.

Karatun makon nan ƙidaya ce daga 1 zuwa 10 da marafan kwalba, sai bambance b da ɓ, kuma bitar ba ta ɗauke mu lokaci ba. Na ɗaga buta, na zana ɓera a allo, galibinsu suka faɗi kowanne daidai.

Abin da ya fi cin ƙarfina tun ranar Litinin shi ne koya musu jira. Fensiran kala goma sha biyu kawai muke da su, don haka dole yara uku su yi tarayya a kan guda ɗaya, kuma yaro ɗan shekara biyar da ya saba duk abin da ya miƙa wa hannu a gida a ba shi ba ya ganin dalilin da zai sa ya zuba ido wani yana zane. Akwai wani yaro da ya fizge jan fensir har sau uku ranar Talata, ya bar 'yar'uwar zamansa tana kuka. Ban dake shi ba, kuma ba na duka a ajina, domin yaron da aka daka yana sakin fensir ne don tsoro, gobe kuma ya sake fizgewa idan na juya baya. Na kawo ƙwallon goruba na ce wanda yake riƙe da shi shi ne mai zane, idan muka ƙirga goma tare sai ya miƙa wa na kusa da shi. Ta haka ƙidayar ta shiga cikin jiran.

Yau na ga yaron nan ya ƙirga goma da bakinsa, ya miƙa gorubar da fensirin gaba ɗaya ba tare da na yi magana ba. Wadda ya miƙa wa ita ce yarinyar da ta zo mana a wannan zangon, wadda Fulatanci ake yi a gidansu, kuma ba ta taɓa buɗe baki a aji ba. Ta karɓa, ta ce masa "na gode" a hankali. Iya ta dube ni, ni ma na dube ta, kuma gaskiya sai da idona ya ciko.

Bayan tara na yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, kuma da na ce "ga ta nan, ga ta nanku", har da muryar yarinyar a cikin masu amsa "ta zo mu ji ta".

Da aka tashi, mahaifiyar yaron ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malama, kullum sai ya ce mini wasa kuka yi, ga shi ba ku ba su aikin gida." Na fahimci damuwarta, domin ita littafi take iya dubawa, abin da ya faru a kan tabarma kuwa ba ya barin shaida a takarda. Na ce, "Hajiya, ki ba shi abu ɗaya shi da ƙaninsa yau, ki ce su ƙirga goma, sannan ki gaya mini abin da kika gani." Ta yi alkawarin gwadawa.

Ranar Litinin zan sauya wuraren zama domin yara huɗun da ba su zo ba su samu abokan da suka riga suka iya dokar goruba, kuma zan roƙi shugabar makaranta ta ƙaro mana fensiran kala ko da guda shida ne.