Tsugunon sumo: inda na kai a mako na shida

Jama'a, ga bayanin da na yi muku alkawari. Yau mako shida ke nan da na fara tsugunon sumo, sau uku a mako, da sassafe kafin rana ta buɗe.

Ga sababbin shiga: tsuguno ne da ake ware ƙafafu fiye da faɗin kafaɗa, a karkatar da yatsun ƙafa waje kamar digiri 45, a sauka ƙirji a miƙe. Daga 'yan kokawar sumo na Japan aka aro sunan, don irin tsayuwarsu ke nan. Suna ma da wani atisaye da suke kira shiko, a ɗaga ƙafa ɗaya sama a doka ta ƙasa, a koma ɗayar. Ni dai ƙwallo ce ta kai ni, domin duk sanda na yi yanka gefe sai matsematsina ya riƙe.

Makon farko ban ɗauki nauyi ba, goma-goma sau uku kawai, har na raina abin. Bayan kwana biyu cikin cinyoyina ya yi tsami, hawa babur ma sai da dabara. Tsugunon da muka saba gaban cinya ya fi ci, wannan kuwa saboda warewar, tsokar cikin cinya da ta mazaunai su ma sai sun sha aiki.

A mako na uku na yi wauta. Ganin jiki ya saba, sai na ƙara ware ƙafa, na rungumi jarka mai lita 25 cike da ruwa, wato kilo 25 ke nan. Gwiwar hagu ta fara yi mini zogi. Da na jingina waya a jikin bokiti na ɗauki kaina, sai na ga abin da ban ji a jikina ba: ina tasowa gwiwar na faɗawa ciki kamar za ta gaida 'yar uwarta, dunduniyar dama kuma na ɗagawa daga ƙasa. Ni kuwa a zuciyata gani nake na gwanance.

Sai na huta kwana huɗu, na dawo baya. Na rage warewar da kamar tafin ƙafa guda, na koma lita 10, na cire silifas don suna zamewa a siminti. Abin da ya gyara ni shi ne tura gwiwa ta bi inda yatsun ƙafa suka kalla, daga sauka har tasowa. In gwiwa ta kasa bin yatsu, to warewar ta fi ƙarfin ƙugunka, ka rage, ba abin kunya ba ne. Ina ƙirga uku wajen sauka, in ɗan tsaya a ƙasa, in taso ina fitar da numfashi.

Yanzu ina kan lita 15, sha biyu sau huɗu, cinya na kaiwa daidai da gwiwa, zogin kuma ya tafi. Matsalata ɗaya: jarkar da ba ta cika ba ruwanta kan yi ta kai-komo yana jan mutum gefe. Mako mai zuwa zan gwada yashi a buhu. Wanda ya taɓa yi a cikinku, yaya yake ɗaure bakin buhun kada ya zube?