Abin da na koya a gindin Dala

Aikin da aka ba mu muna ɗaliban ilimin kimiyyar kufai shi ne mu zagaya unguwannin gindin Dutsen Dala, mu auna tsoffin gine-gine, mu rubuta inda muka ga tsingaro da kashin maƙera. An taɓa gano wurin narka tama a Dala wanda gwaji ya kai shi ƙarni na 7, tun kafin Sarki Gijimasu (1095–1134) ya fara gina ganuwa, saboda haka ƙasar wurin ba abin takawa da ganganci ba ce.

Ba a shiga unguwa da igiyar awo sai an gaida mai unguwa. Shi ya haɗa mu da wani dattijo magini, wanda gidan kakanninsa ke zubewa bayan damina. A bangon zauren, sama da ƙofa, tubali ya buɗe sai ga laya ɗinke da fata, an cusa ta tun lokacin gini. Na miƙa hannu, ya ce, "Ɗana, ɗauki hoto, amma bar ta inda mai ita ya sa." Na auna tsayinta daga ƙasa, na zana inda ta fuskanta, muka bar ta. Har yau ina ganin shi ke da gaskiya. Laya a cikin akwatin gilashi fata ce kawai. A saman ƙofa kuwa tana gaya maka abin da masu gidan ke tsoro, da ta inda suke zaton zai shigo.

Zancen Tsumburbura, abin bautar mutanen Dala kafin Musulunci, ya fi wuya. Tarihi ya ce Barbushe, shugaban masu bautarta, shi kaɗai ke shiga wurinta, ana yanka mata baƙar dabba, kuma a zamanin Sarki Yaji (1349–1385), da Wangarawa, malamai daga Mali, suka zo, aka gina masallaci a ƙarƙashin bishiyar tsafin. Maza suka yi ta ce mana wannan jahiliyya ce, ta wuce. Abokiyar aikina da ta shiga cikin gida ita tsofaffin mata suka gaya wa wuraren da ake hana yara zuwa da tsakar rana ko da magariba.

Tun daga nan nake riƙe littafi biyu, ɗaya na abin da ƙasa ta nuna, ɗaya na abin da baki ya faɗa, da kalmomin mai faɗar. Ba na gauraya su, ba na kuma yi wa kowa gardama a zaurensa. Da muka ɗora su a taswira, wuraren da ake tsoro su ne ba a haƙe ƙasarsu ba, ba a zuba musu shara ba. Inda tsoron ya gushe, siminti ya riga mu zuwa.